Yadda ake binciken abin da ciwo ke ci daga aikin talaka a karkarar Katsina

Ɗalibin tattalin arziki da ya kai matakin rubuta kundin digiri na biyu a Katsina ko Dutsin-Ma, idan ya zaɓi fannin lafiya da ƙwadago, yakan fara da babban take irin su tasirin kiwon lafiya ga bunƙasar arzikin Najeriya. Daga nan sai ya kwaso alkaluman shekara-shekara na ƙasa baki ɗaya, ya zuba su a kwamfuta, ya fito da sakamakon cewa lafiya tana da amfani ga tattalin arziki, abin da ba wanda ya taɓa musawa. Irin wannan aiki yana iya samar da shaidar kammala karatu, amma ba kwamishina ko shugaban ƙaramar hukumar da zai iya yanke shawarar kashe naira ɗaya a kansa. Wannan bayani na wanda yake son aikinsa ya amsa tambayar da ba a riga an san amsarta ba ne, kuma yana da ƙarfin halin shiga ƙauye ya tattaro bayanan da hannunsa.

Taƙaita tambaya

Matakin farko shi ne a matse tambayar har ta zama tana da mutum, da ciwo, da lokaci, da abin aunawa. Maimakon a ce ana binciken lafiya da aiki, sai a ce ana son sanin kwana nawa na aiki magidanci mai noman gero da gyaɗa a ƙasar Daura yake rasawa tsakanin Yuli da Oktoba saboda zazzaɓin cizon sauro, nasa ko na 'ya'yansa, da kuma wanda yake ɗaukar nauyin aikin idan ya kwanta. Wani kuma yana iya tambayar ko shigar da iyali cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha yana rage yawan sayar da awaki da hatsi domin biyan kuɗin asibiti. Kowace daga cikin waɗannan tana da iyaka, kuma ana iya samun amsar da za ta ba mai binciken kansa mamaki.

Dalilin da ya sa zazzaɓin damina ya dace da mai farawa shi ne lokacinsa ya haɗu da lokacin da aikin gona ya fi tsanani. Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya, bisa rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a yankinmu cutar ba ta bazu a kan watannin shekara daidai wa daida ba, tana taruwa ne a 'yan watannin ruwa. Kwana uku a kwance a watan Maris asara ce, amma kwana uku a kwance lokacin da ciyawa ta taso wa gero wata asara ce dabam, domin noman da aka makara ba a rama shi. Binciken da ya ƙirga kwanakin jinya a dunƙule bai raba su bisa aikin da suka faɗa a kai ba ya riga ya zubar da rabin abin da ya fita nema.

Duba abin da ke ƙasa kafin a fita

Kafin a buga takardar tambayoyi ko ɗaya, wajibi ne a san bayanan da wasu suka riga suka tara, kuma mafi yawansu kyauta ake samunsu a intanet bayan an yi rajista an bayyana manufar bincike. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da Bankin Duniya, tana da binciken da ke bin gidaje wajen dubu biyar a faɗin ƙasar nan, wanda aka fara a 2010 zuwa 2011, aka maimaita a 2012, da 2015, da 2018, da 2023, kuma a kowane zagaye ana ziyartar gida sau biyu, bayan shuka da bayan girbi. A cikinsa akwai tambayoyin aiki, da na ciwo, da na gona, da na kuɗin da gida ke kashewa. Sai kuma binciken yawan jama'a da lafiya wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, kamar na 2008 da 2013 da 2018, wanda ya fi zurfi a kan lafiyar mata da yara amma bai da yawan bayani a kan samu.

Sai dai gidaje dubu biyar idan aka watsa su a jihohi 36 da Abuja, abin da zai faɗo wa Katsina bai isa a gina hukunci a kan jihar ita kaɗai ba, balle a kan Daura ko Mai'aduwa. Amfanin waɗannan bayanai ga mai binciken gida shi ne su nuna masa yadda ƙwararru suka tsara tambayoyinsu, su kuma ba shi mizanin da zai gwada nasa sakamakon da shi. Haka nan yana da kyau ya karanta tsofaffin ayyukan da aka yi a ƙasar Katsina. Polly Hill ta zauna a Batagarawa a ƙarshen shekarun 1960 ta yi nazarin gandu, da ƙwadago, da cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, Michael Watts kuma ya yi nasa a Kaita a shekarun 1970 a kan yunwa da yadda manomi ke jure mummunar shekara. Abubuwa da yawa sun sauya tun daga lokacin, amma tambayoyin da suka yi har yanzu sun fi na ɗalibai da yawa kaifi.

Auna aiki

A nan ne mafi yawan bincike ke lalacewa, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Abin da ya faru da alkaluman rashin aikin yi na ƙasa ya isa ishara. Hukumar Ƙididdiga ta sanar da cewa a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki da ke son yinsa ba su da shi, sai ga shi a farkon 2023 adadin ya koma kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, ma'auni aka sauya. A tsohon tsari, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, a sabon tsari kuwa, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya ta aikin samun kuɗi a mako ta isa a ce mutum yana da aiki. Ga mai binciken lafiya, tambayar ko mutum yana da aiki ko ba shi da shi kusan ba ta da amfani a karkara, domin talaka ba ya iya zama haka nan ko da jikinsa ba daɗi. Abin da ciwo ke taɓawa shi ne yawan awannin da ya yi, da nauyin aikin da ya iya ɗauka, da abin da ya samu a ƙarshen yini.

Saboda haka ba a tambayar mutum sana'arsa a tsaya nan. Ana bin kwanakin makon da ya wuce ɗaya bayan ɗaya, ana jingina su da abin da mutum ba ya mantawa, wato ranar kasuwa, da Juma'a, da lokutan salla. Manomi ba ya duba agogo a gona, amma ya san ko ya fita bayan asuba ya dawo da hantsi, ko ya kai azahar, ko ya koma bayan la'asar. Daga waɗannan ne mai bincike zai fitar da awanni. A raba aikin gandu da na gayauna, a raba ƙwadagon yini da jinga, domin wanda ya karɓi jinga ana biyansa ne bisa aikin da ya gama, saboda haka raunin jikinsa yana bayyana kai tsaye a cikin kuɗinsa, alhali ɗan ƙwadagon yini yana iya jan jiki ya kai lokacin tashi a biya shi cikakken lada. A kuma tambayi abin da ake haɗawa da noma, kamar acaba, da dako a kasuwa, da gini, da kiwo, da noman rani a bakin madatsun ruwa irin na Jibiya da Zobe da Sabke.

Kada a yarda da tambayar da ake yi sau ɗaya bayan girbi cewa kwana nawa aka yi ana aiki a wannan gona a daminar bana. Wani gwaji da masu bincike na Bankin Duniya suka yi a Tanzaniya ya kwatanta manoman da aka riƙa tambaya mako-mako da waɗanda aka tambaya sau ɗaya a ƙarshen damina, sai aka ga awannin da na biyun suka faɗa sun ninka na farkon fiye da sau biyu. Ba ƙarya suke yi ba. Mutum yana tuna makon da ya fi shan wahala ne, sai ya ɗauka duk daminar haka ta kasance.

Aikin mata yana buƙatar kulawa ta musamman. Idan namiji mai tattara bayanai ya zauna a zaure ya tambayi maigida ko matarsa tana aiki, amsar da zai samu ita ce tana gida, sai ya rubuta cewa ba ta da aiki, alhali a bayan katangar nan ana soya ƙuli-ƙuli, ana dama fura, ana ɗinkin hula, yarinya kuma ta fita da farantin talla tun da safe. Mace ce za ta shiga ciki, ta gaisa, ta zauna, sa'an nan ta bi yinin jiya daki-daki: "Inna, jiya da kika idar da sallar asuba, me kika fara sa hannu a kai?" Idan aka ce an ɗora gyaɗa, sai ta tambayi tiya nawa, ta wa ce, nawa aka sayo ta, wa ya kai niƙa, nawa aka sayar da man da ƙulin. Daga nan ne ake gane cewa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ba a ɗora tukunyar sana'a ba, kuma zubin adashin wannan mako sai da aka ranto shi. Wannan asara ba ta taɓa fitowa a takardar da aka cike a zaure.

Auna ciwo

Tambayar da aka saba yi ita ce ko wani a gidan ya yi rashin lafiya a cikin makonni huɗun da suka wuce. Matsalarta biyu ce. Ta farko mantuwa, domin wani bincike da aka yi a Delhi ta Indiya ya nuna cewa idan aka tambayi mutane wata-wata maimakon mako-mako, ciwon da suke ambata yana raguwa ƙwarai, kuma raguwar ta fi yawa a wurin talakawa. Ta biyu ita ce abin da mutum yake ɗauka ciwo ya danganta da halinsa. Ma'aikacin gwamnati da ya je asibiti aka gaya masa yana da hawan jini zai ce ba shi da lafiya, ɗan dako mai irin wannan hawan jinin da bai taɓa gwadawa ba zai ce lafiya lau. Idan aka ɗauki amsoshin nan yadda suke, lissafi zai nuna masu hali sun fi talakawa ciwo.

Maganin wannan shi ne a riƙa tambayar abin da jiki ya iya da abin da ya kasa. Ko ya iya zuwa gona ranar Talata, ko ya iya ɗaukar buhu, ko ya iya tafiya kasuwa da ƙafa, ko ta iya daka da ɗiban ruwa. A rubuta alamomin yadda mai ciwon ya faɗe su, zafin jiki, ciwon kai, amai, kasala, kada mai tattara bayanai ya mayar da kansa likita ya raɗa wa ciwon suna, domin ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Idan akwai hali, a haɗa da awo na zahiri, kamar gwajin jini na gaggawa wanda ke ba da sakamako cikin kamar minti 15 zuwa 20, da awon nauyi, da awon damtsen yara, inda ƙasa da santimita 11.5 ke nuna tamowa mai tsanani. Wannan kuwa aikin ma'aikacin lafiya ne mai lasisi, kuma duk wanda gwaji ya nuna yana da cuta dole a ba shi magani ko a tura shi asibiti a ranar. A kuma sani cewa a wuraren da cutar ta yi katutu, babba yana iya ɗauke da ƙwayar a jininsa ba tare da ta kwantar da shi ba, don haka sakamakon gwaji shi kaɗai ba ya nufin an rasa ranar aiki.

Kada a manta da mai jinya. Idan aka kwantar da yaro a babban asibiti, uwa tana gefen gado, uba yana zirga-zirgar neman kuɗin magani, wani ɗan'uwa yana kai abinci a kan babur. Mutum ɗaya ne a kwance, amma uku ne suka bar aikinsu. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kiwon lafiya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye, saboda haka a tambayi inda kuɗin ya fito, ko kemis aka fara zuwa, ko an sayar da akuya, ko an buɗe rumbu kafin lokaci, ko an karɓi kuɗin ƙwadago tun kafin a yi aikin.

Gano wanda ya jawo wani

A ce an gama tattara bayanai, an ga cewa gidajen da suka fi yawan ciwo su ne suka fi ƙarancin amfanin gona. Wannan bai tabbatar da cewa ciwon ne ya rage amfanin ba. Mai yiwuwa talaucin ne ya hana su gidan sauro da abinci mai gina jiki, wato rashin samu ne ya kawo ciwon. Mai yiwuwa kuma wani abu na uku ne ya haɗa su, kamar zama a unguwar da ke nesa da titi, inda asibiti ya yi nisa, taki ma ya yi tsada. Duk ƙwarewar wannan fanni tana komawa ga neman rukuni biyu na mutane da suka yi kama da juna a komai, in ban da abin da ake son aunawa.

Hanya mafi ƙarfi ita ce ƙuri'a. Misali mafi kusa da mu shi ne binciken da Andrew Dillon da Jed Friedman da Pieter Serneels suka yi a wata babbar gonar rake a Najeriya, inda ake biyan masu saran rake bisa yawan abin da suka sara. An yi wa ma'aikatan tayin gwajin zazzaɓin cizon sauro da magani a wurin aiki, kowa ya samu, amma ƙuri'a ce ta tsara makon da layi zai zo kan kowane mutum, saboda haka a kowane mako akwai waɗanda aka riga aka duba da waɗanda ke jira, kuma ba abin da ya raba su sai sa'a. An samu cewa tayin ya ƙara abin da ma'aikaci ke samu da wajen kashi 10 cikin ɗari a makonnin da suka biyo baya, har ma waɗanda gwaji ya nuna ba su da cutar sun ƙara ƙwazo bayan sun ji sakamakonsu. Abin koyi a nan shi ne ba a hana kowa magani ba, jeri kawai aka tsara. Haka aka yi a yammacin Kenya, inda Edward Miguel da Michael Kremer suka bi shirin ba 'yan makaranta maganin tsutsar ciki wanda aka shigar da makarantu cikinsa rukuni-rukuni, aka kuma ci gaba da bin yaran har suka girma suka shiga neman abinci. Kremer yana cikin ukun da aka ba lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin wannan salon bincike.

Ɗalibin da ba shi da kuɗin shirya gwaji yana iya amfani da abin da ya faru da kansa. Gwamnati ba ta gyara asibitocin mazaɓu duka a rana ɗaya, hukumar taimakekeniyar lafiya ba ta yi wa kowace unguwa rajista a wata ɗaya. Idan aka auna kwanakin aikin da ake rasawa a mazaɓar da aka gyara wa asibiti kafin gyaran da bayansa, aka auna haka a mazaɓar da ba a kai gare ta ba a daidai waɗannan lokutan, sai a cire sauyin ta biyu daga sauyin ta farko, abin da ya rage shi ne ake jingina wa gyaran. Da wannan dabara David Card da Alan Krueger suka auna tasirin ƙarin mafi ƙarancin albashi a jihar New Jersey ta Amurka a 1992, ta hanyar kwatanta ta da maƙwabciyarta Pennsylvania. Sharaɗinta shi ne a nuna cewa wuraren biyu suna tafiya a kan hanya ɗaya kafin sauyin, kuma a bincika dalilin da ya sa aka fara da wannan mazaɓa, domin idan mahaifar wani babba ce, wataƙila titi da rijiyar burtsatse ma sun iso tare da asibitin. A ƙasar Daura da Jibiya sai an ƙara lura da bakin iyaka, domin rufe ta da aka fara a Agustan 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun taɓa aikin 'yan dako da direbobi da masu kiwo ta hanyar da ba ta da alaƙa da lafiyarsu.

Hanya ta uku, wadda ta fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi, ita ce a kwatanta mutum da kansa. Idan ana ziyartar gida kowane mako tsawon damina, ana iya duba yadda aikin mutum ɗaya yake a makon da ya yi zazzaɓi da makon da bai yi ba, sai girman gonarsa da nisan garinsu da ƙarfin halittarsa duk su fita daga lissafi tunda ba su sauya ba. A nan ne kuma ake ganin abin da gandu ke ɓoyewa: maigida ya kwanta, amma noman bai tsaya ba, domin an hana yaro zuwa makaranta ya karɓi fartanya, ko ƙane ya bar jingar da ya karɓa a wani wuri. Wanda ya auna damman gero kaɗai zai ce ciwon bai yi ɓarna ba.

Zaɓen gidaje da neman izini

Ba a zaɓen gidajen da za a ziyarta ta hanyar tsayawa a bakin asibiti, domin waɗanda suka iya zuwa kaɗai za a gani, haka nan ba a tsayawa a wurin aiki kaɗai, domin wanda ciwo ya kayar yana gida. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, don haka sai mai bincike ya zagaya da mai unguwa ya jera gidajen da ke garin, sa'an nan ya fitar da nasa da ƙuri'a a gaban jama'a, wanda hakan ke kashe zargin cewa an zaɓi 'yan uwan wani. Ya fi kyau a ɗauki gidaje kaɗan a garuruwa da yawa a kan gidaje da yawa a garuruwa kaɗan, domin mutanen gari ɗaya suna shan ruwa ɗaya, sauron fadama ɗaya ke cizonsu. A ce an ɗauki gidaje 20 a kowane gari cikin garuruwa 20, kuma kamannin gidajen gari ɗaya ya kai 0.1 a ma'aunin masu ƙididdiga, to gidaje 400 ɗin nan ƙarfinsu a lissafi bai wuce na gidaje 138 da aka tsinto a warwatse ba.

Izini hawa-hawa ne. Akwai kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, waɗanda ke aiki ƙarƙashin ƙa'idojin kwamitin ƙasa, kuma ba a taɓa jinin kowa ko a duba takardun asibiti sai da takardarsu. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta sa dole a tsare bayanan mutane, don haka a raba sunaye da lambobin waya daga amsoshi a adana su dabam. Sai kuma hakimi, da dagaci, da mai unguwa, da limamin gari. A gaban hakimi ba a fara da takarda, ana faɗuwa a yi gaisuwa, a ce "Ranka ya daɗe, mun zo neman izini ne a ƙasarka," sa'an nan a yi bayani a fili cewa ba rabon tallafi aka zo yi ba, kuma ba ruwan aikin da haraji. Jama'ar Arewa ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003, saboda haka duk tambayar da aka yi a kan allura ko ɗiban jini tambaya ce mai tushe, a amsa ta da haƙuri. Amincewar hakimi kuma ba ta maye gurbin ta mutumin da za a tambaya, wanda yake da ikon cewa a'a ko a tsakiyar hira.

Game da tsaro, ƙananan hukumomin da ke bakin daji irin su Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari ba wurin tura ɗalibai da kwamfutar hannu ba ne sai da shawarar mutanen wurin. Idan aka bar su, a faɗa a cikin rahoto cewa an bar su, kada a rubuta sakamakon da sunan jihar baki ɗaya.

Aikin fili da lissafi

A ɗora tambayoyin a waya ta manhaja irin KoboToolbox ko ODK, waɗanda ke aiki ba tare da intanet ba, a gwada su a garin da ba ya cikin binciken, a kuma tabbata an rubuta su da Hausar da za a furta, domin idan aka bar kowane mai tattara bayanai ya tsara tambayar da bakinsa, an yi bincike goma ne a maimakon ɗaya. Hirar mako-mako kada ta wuce minti 15, in ba haka ba zuwa mako na biyar mutane za su fara cewa lafiya lau don a tafi a ba su wuri. Mai binciken da kansa ya riƙa komawa wasu gidajen ba tare da sanarwa ba ya maimaita tambayoyi uku ko huɗu, domin takardar da aka cike a gindin bishiya ba ta da wuyar ganewa idan ana dubawa. A rubuta makonnin azumi da na salla, a rubuta ranakun da aka yi ruwa mai yawa. Da zarar an gama girbi samari za su tafi cin rani Kano da Kaduna da Abuja da Legas, kuma masu ƙarfi ne ke tafiya, don haka tun ranar farko a karɓi lambar waya biyu a kowane gida, in ba haka ba waɗanda suka rage za su sa garin ya zama kamar ya fi yadda yake ciwo.

Wajen mayar da kwanaki kuɗi, a yi amfani da ladan ƙwadagon garin na wannan makon, wanda ke hawa lokacin noma ya sauka da rani, ba mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, wanda bai shafi ɗan ƙwadagon ƙauye ba. Da yake hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, naira ta watan Yuni ba ita ce ta watan Oktoba ba, saboda haka a riƙa rubuta kuɗin tiyar gero a kasuwar da ta fi kusa a kowace ziyara, a bayyana asarar da naira, a kuma bayyana ta da tiya. A rubuta lissafin da za a yi tun kafin a ga bayanan, a ajiye shi wurin malami mai duba aikin, domin wanda ya gwada hanya ashirin a manhajar lissafi irin Stata ko R ba zai rasa ɗaya da ta ba shi abin da yake so ba. Idan sakamakon ya nuna tasirin ƙarami ne, ko gidajen da aka ɗauka ba su isa a tabbatar da shi ba, a rubuta haka, tare da iyakar sama da ta ƙasa da adadin zai iya kaiwa.

Bayan kundin da za a miƙa wa jami'a, a shirya takarda mai shafi biyu da Hausa wadda ke ɗauke da kwanakin da aka rasa a kowane wata, da wanda ya rasa su, da abin da gida ya sayar, a kai wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hakimi kafin Mayu, lokacin da ake tsara rabon gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa 59 na daminar da ke tafe. A kuma koma garuruwan da aka yi aikin a karanta musu ita a bainar jama'a, a shirya wa mata nasu zaman dabam a cikin gida, ba tare da an ambaci sunan kowa ba.